Kandida ta ƙi barin mahaifiyata a gadon asibiti

Salamu alaikum. Likitoci da ma'aikatan jinya, a taimaka mini. Mahaifiyata mai ciwon suga tana kwance a asibiti da robar fitsari, ana ta yi mata allurar antibayotik ta jijiya. Yanzu farin abu kamar kindirmo ya rufe mata harshe da cikin kumatu. In an goge sai wurin ya yi ja, ko koko da ƙyar take haɗiyewa. Likita ya ce Kandida ce, wato ciwon da wata ƙwayar cuta ta fungus ke jawowa. An ɗiga mata nystatin, maganin Kandida, a baki, ya lafa, ya sake dawowa. Aka koma wani maganinta mai suna fluconazole, amma har a gwajin fitsari an ga Kandidar, sugan kuma ya ƙi sauka. Tsakanin robar, antibayotik da hawan sugan, wanne za mu roƙi likita ya fara dubawa?