Jariri mai yawan tumbiɗi: rigingine za a kwantar da shi ko rub da ciki?

Maman Jariri:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka. Ɗana sati 7 da haihuwa, yana yawan tumbiɗi bayan shan mama. Wasu sun ce in riƙa kwantar da shi rub da ciki ko ta gefe don kada ya ƙware, a asibiti kuma an ce rigingine, wai saboda mutuwar farat ɗaya da ke samun jarirai cikin barci. Wanne zan bi? Kuma mene ne wannan abu?

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, Maman Jariri. Allah ya raya. Ki bi maganar asibiti: rigingine, dare da rana, ko da barcin minti 10 ne.

Abin da aka faɗa miki likitoci na kiransa SIDS, wato jaririn da bai kai shekara 1 ba ya rasu cikin barci, a yi duk binciken da za a yi ba a gano dalili ba. Ya fi aukuwa tsakanin wata 2 zuwa 4, kuma kusan kashi 90 cikin 100 kafin wata 6 ne. Kin ga ɗanki yanzu yake shiga lokacin da ya fi buƙatar kula.

Ga inda rub da ciki yake kawo matsala. Hanci da bakin yaro suna dab da katifa, sai ya riƙa shaƙar iskar da ya fitar, oksijin na raguwa a jininsa. Mafi yawan jarirai ƙwaƙwalwarsu za ta tashe su, su motsa kai, su yi kuka. Amma akwai waɗanda sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi da farkawa bai gama ƙwari ba, kuma ba a gane su da ido, lafiya lau suke a fili. Shi ya sa idan aka ce miki "ai ya fi barci mai nauyi rub da ciki", gaskiya ne, amma wannan nauyin barcin shi ne abin tsoron.

Batun ƙwarewa kuwa ki kwantar da hankalinki. Idan yaro yana rigingine, hanyar numfashi tana sama, hanyar abinci tana ƙarƙashinta. Nonon da ya dawo sai ya taru a ƙasa, ya haɗiye ko ya tofo. In an kifa shi, tsarin ya juye, ruwan ya fi samun sauƙin gangarawa wajen hanyar numfashi. Ta gefe ma ba mafita ba ce, ɗan motsi kaɗan ya kife. A Amurka an fara babban gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1994, kuma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi.

Ungozoma:
Likita ya gama magana a kan kwanciya, bari in ƙara a kan shimfiɗa, don nan ma ana yawan kuskure da kyakkyawar niyya. Katifa ta zama mai tauri, shimfiɗaɗɗiya: ki danna da tafin hannu, in ta lotsa ta bar shaidar hannunki, ba ta jariri ba ce. Ta cika gadon daidai, kada tsakaninta da katako ya wuce faɗin yatsu biyu. Zanen gado ɗaya, a ɗame. Ban da filo, ban da 'yar tsana, ban da tawul da ake naɗewa a tokare yaro da shi. Kada kuma ki ɗaga wajen kan katifa don maganin tumbiɗi. Ba ya ragewa, sai dai yaro ya zame, haɓa ta danne ƙirji, numfashi ya takura. Bayan ya sha, ki saɓa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, sannan ki kwantar.

Zafi ma yana ƙara haɗari. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, ba hannu da ƙafa ba, su dama sukan yi sanyi. In akwai gumi, a rage kaya. Ba ya buƙatar hula a cikin ɗaki. In dole sai an rufa masa, mayafi mara nauyi, ƙafafunsa a ƙarshen gado, a cusa gefen mayafin ƙarƙashin katifa, kada ya wuce kafaɗa.

Maman Jariri:
Na gode ƙwarai. To in ina shayarwa da dare barci ya kwashe ni fa? Kuma ƙeyarsa ba za ta baje ba?

Nas ɗin Jarirai:
'Yar'uwa, mafi aminci shi ne ɗaki ɗaya, shimfiɗa daban, aƙalla wata 6 na farko, gadonsa dab da naki. In kin san barci zai iya ɗauke ki, gara ki shayar a kan gado bayan kin kawar da filo da bargo, kina farkawa ki mayar da shi nasa. Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne barci da shi a kujerar kushin: yaro kan zame tsakanin jikin uwa da hannun kujera, kuma haɗarinsa ya ninka na gado sau da yawa. Kwana gado ɗaya kuma ba a yinsa sam in bakwaini ne, ko an haife shi ƙasa da kilo 2.5, ko ɗaya cikin iyaye yana shan taba, ko an sha maganin da ke sa barci. Hayaƙin taba kada ya shiga ɗakinsa. Ki ci gaba da shayarwa da kai shi rigakafi, dukansu kariya ne.

Ƙeya kuwa, ki riƙa kifa shi a ƙirjinki ko a shimfiɗa mai tauri idonsa biyu, kina kallonsa, minti 3 zuwa 5, sau 2 ko 3 a rana, kina ƙarawa yana girma. In kina naɗe shi a zane, ki daina da zarar ya fara yunƙurin juyawa. Ran da ya iya birgima da kansa gaba da baya, ki kwantar da shi rigingine kamar kullum, in ya juya ba sai kin tashi kin mayar da shi ba.