Gatarin Talaka da Katafilar Babba

Na-Safo Mai Galma:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da zafi na shigo. Makon jiya aka ci ni tara a gonata ta gado, a kan gawon da na raina da hannuna. Na rasa inda zan kai kuka, sai na ce bari in zuba shi a waƙa. Amsa-amona "ri" ne, mai shigowa ya riƙe shi in zai iya.

Bismillahi, da shi na fara,
Ya ba ni baki, ya ba ni basira,
In faɗi yadda aka ci ni tara,
A kan gawona, don na ɗau gatari.

Gawon nan na san shi tun yana toho,
Na kare shi daga haƙori da ƙaho,
Shekara sha biyu, har na zama tsoho,
Ban bar wuta ta kai shi ga hatsari.

Rani ya tsananta, babu ciyawa,
Tumakina uku suna ta ramewa,
Na saro reshe biyu don ciyarwa,
Gindi na nan tsaye, ku zo ku yi nazari.

Sai ga babur ya tsaya da ƙura,
"Baba, wa ya ba ka izinin sara?
Jika sha biyar za ka ƙirga ka tara,
Ko ka biya nan, ko mu tafi gari."

Na sai da tunkiya guda na biya shi,
Na ce rasit fa? Ya ce in bar shi,
Ya harba babur, ƙura ta bi shi,
Na koma gida ina haɗiyar haƙuri.

To kudu da mu, ku ji abin mamaki,
Katafila kwana uku tana aiki,
Ta tuge ƙiryar da ta girmi kakan sarki,
Ba babur, ba mai tambayar tsari.

Shin doka ido guda gare ta?
Tana ganin adda in an ɗaga ta,
Katafila kuwa ba ta hange ta,
Ko da ta cika daji da ruri?

Tsohon Malamin Daji:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Na-Safo. Na riƙe "ri" ɗinka.

Ɗan'uwa, kukanka ya ishe ni,
Shekara talatin kaki ya rufe ni,
Yau na aje, babu mai tsare ni,
Bari in buɗe maka bakin asiri.

Dokar daji ba ta ce a ci zali ba,
Ba ta ware mai kuɗi da talaka ba,
Ba ta ce a soke kuɗi a aljihu ba,
Tara ba rasit, sata ce a sarari.

Na taɓa tare mota cike da gawayi,
Na karɓe makulli ban ji shayi,
Kafin la'asar waya ta yi ta yi,
"Sake ta, ta Alhaji ce, yi da sauri."

Wata bai cika ba takarda ta zo ni,
Can arewa mai nisa aka tura ni,
Yaran da na bari suka kalle ni,
Suka gane taɓa babba shi ne hatsari.

In ka ga yaro ya bi ka har gona,
Ya bar katafila tana ta ɓarna,
Ba makanta ba ce, tsoro ne ya zauna,
Mai buga wayar za a tuhuma tun fari.

Bari in sauka daga waƙa in yi magana a fili, don lamba ba ta shiga baiti da daɗi. Dokar daji da ake aiki da ita a Nijar ita ce mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004, wadda ta maye gurbin ta 1974. A cikinta, share sabon daji sai da izini, kuma ba ta ce ban da mai katafila ba. Gawo yana cikin itatuwan da aka kare, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata takarda da yawancin manoma ba su taɓa jin labarinta ba: dokar gwamnati mai lamba 2020-602 ta 30 ga Yuli 2020, a kan sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana rainonsa har ya girma. Ita ta amince cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa, shi ke da haƙƙin morarsa. Da Faransanci aka rubuta ta, tana kwance a durowa, kai kuma kana gona. Wanda ya ci tunkiyarka a wannan ratar ya ci ta.

'Yar Ɗan Saga:

Sannunku iyayena. Baba Na-Safo, ka yi mini afuwa, "ri" ɗinka ya yi mini tsauri, zan bi da "ya". Ni daga Ɗan Saga nake, cikin Agye. Abin da ya fi ƙona mini rai a labarinka shi ne, itatuwan nan da ake cin mutane tara a kansu, ba gwamnati ta dasa su ba. Innata ta ga yunwar El-Buhari ta 1984. A shekarar ne ma aka yi babban taron yaƙi da hamada a nan Maradi, zamanin Shugaba Kunce. Toni Rinaudo, Baturen Ostireliya da ya zauna a Maradi, tun 1983 ya lura cewa kututturan da muke sarewa duk bazara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itace kusan miliyan 200 da suka farfaɗo ta rainon tohon kututture a ƙasar nan, mafi yawa tsakanin Maradi da Damagaram. Hannun manoma ne ya yi wannan.

Inna ta ce da can gonarmu fayau take,
Iska ta binne shuka sau uku, ba ƙarya.

Kara da kashin shanu su ne makamashi,
Mace ta yini neman itace, ta dawo da ciwon wuya.

Aka ce a bar toho biyu ko uku a kututture,
Wanda ya fara, gari ya bi shi da dariya.

"Ga mahaukaci ya bar gona da datti!"
Yau a inuwarsa suke shan fura lafiya.

Ba soja ne ya tsare mana sabara da kalgo ba,
Kwamiti muka kafa, mata da maza da makiyaya.

Ɓarawon itace in ya shiga hannu da dare,
Ko ɗan wane ne, gaban jama'a zai sha kunya.

To in ƙauye ya iya hukunta ɗan mai gari,
Me ya gagari birni? Ku amsa, masu jan tafiya.

Jauro na Dakoro:

Kun yi ta kuka ku manoma, kamar ku kaɗai aka taka. Kaɗo, matsa in zauna.

Na-Safo, na yi maka jajen tunkiya,
Amma Kaɗo, bari in faɗi gaskiya,
Burtalin da kakana ya bi da saniya,
Wa ya shuke shi da gero jeri-jeri?

Kai kana cin taku guda duk damina,
Babba ya kewaye daji da waya, ya sa suna,
Ni ko ina tsakaninku da garkena,
In bi ta ina? In yi fiffike in hau sarari?

In nagge ta taɓa zangarniya ɗaya,
Kafin magariba an kai ni an tsaya,
Amma mai cinye makiyaya gaba ɗaya,
Shi ake wa kirari a tsakar gari.

Toda tana nan, ba mu manta ba,
Waɗanda suka tafi ba su dawo ba,
Wutar ba daga sama ta faɗo ba,
Rigimar gona ce aka bari ta yi ƙamari.

Ga yaran da ba su sani ba: a Toda, cikin Gidan Rumji, a watan Oktoba 1991, fiye da mutum ɗari suka mutu, akasari mata da yara. Ban tono shi don in tada ciwo ba. Bayan nan aka yi dokar karkara ta 1993, aka kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har sama. Tun 1961 akwai iyakar da aka ce noma kada ya wuce ta arewa. A 2010 aka ƙara wata doka ta kiwo da ta tabbatar mana da 'yancin yawo da dabbobi. Takardu kam mun ƙoshi. Ku zo arewacin Dakoro ku ga inda gonaki suka kai.

Na-Safo Mai Galma:

Kai Jauro, ba ka da dama. Ka soke ni inda ba na so.

Jauro, ka same ni, ba zan musa ba,
Gefen burtali ban bar shi duka ba,
Kunya biyu na ci, ban kai uku ba,
Bana zan ja baya, shaida ne mai gari.

Amma in za a auna, a auna kowa,
Igiya guda, ba mai miƙewa,
Da ni da mai waya, a yi gwadawa,
A ga wanda cikinsa ya fi girma da tsiri.

Kansilan Jiya:

Na daɗe ina karantawa ina shiru. Tun da an ambaci masu buga waya, bari in amsa, don na taɓa bugawa. Ni dai yanzu ba ni da kujera, tun Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, don haka ba kare tuwona nake ba.

Kun yi ta sukarmu, to ku ba ni dama,
Na yi kansila, na san ƙasa da sama,
Wa ke cika ƙofata in an yi kama?
Ku ne: "Ranka ya daɗe, taimaka tun da wuri."

In na ƙi, a ce na yi girman kai,
Ran zaɓe a ce wane ba ya jin ƙai,
In na buga waya, ga shi kun ce kai,
Ni na kashe doka, ni ne mai sharri.

Gari na faɗaɗa, jama'a na ƙaruwa,
Kowa na son fegi, kowa na son ginawa,
Mai kuɗi in ya zo ba a korewa,
Shi ke ɗaukar matasa, shi ke da jari.

'Yar Ɗan Saga:

Ranka ya daɗe, na gode da ka fito, da yawa ba za su iya ba. Amma ba zan bar ka ka wuce haka ba.

Rabin zancenka na karɓa hannu biyu,
Mai roƙo a saki ɓarawo shi ma ya bar hanya.

Amma wayar da ka buga don mai amalanke,
Da wadda aka buga don katafila, ba su zama ɗaya.

Wancan dami biyu ya ɗauko don tuwon dare,
Wannan ya share abin da gari ke ci gaba ɗaya.

Matasa nawa ya ɗauka? Direba da mai gadi,
Mata ɗari sun rasa kaba da 'ya'yan magarya.

Ran 3 ga Agusta kun dasa bedi gaban kamara,
Kafin kaka akuya ta cinye, ba mai waiwaya.

Ka ce kujera ta tafi, to sa hannunka fa?
Yana nan a takarda, tawada ba ta ƙarya.

Duk izinin share daji da aka taɓa bayarwa,
A liƙa shi ƙofar magajin gari, a daina ɓuya.

Suna, da hekta nawa, da wanda ya sa hannu,
A karanta da Hausa a rediyo, har kurma ya jiya.

Kansilan Jiya:

'Yata, bakinki da kaifi. Baiti ɗaya zan mayar, sauran na haɗiye.

In an liƙa, sunana zai fito sau biyu,
Ɗaya zan iya karewa, ɗayan sai dai in sha kunya.

Tsohon Malamin Daji:

Ko wannan da ka faɗa ya fi abin da na ji daga bakin manya cikin shekara talatin. Na-Safo, koma kan tunkiyarka. Ka rubuta lambobin nan biyu a takarda, 2004-040 da 2020-602. Ka fara da mai gari da kwamitin filaye na ƙauyenku, su shaida gonar taka ce kuma kai ka raini gawon. Ka tafi da mutum biyu da suka ga an karɓi kuɗin. Kada ka yi zagi, kada ka ɗaga murya, tambaya ɗaya za ka riƙe: a nuna maka inda aka rubuta jika sha biyar ɗinka.

Litinin in Allah ya kai mu da rai,
Zan sa tsohuwar hulata in zo da kai,
Na san ƙofar, na san mai zama a kai,
Yarona ne, ni na koya masa ɗaurin tsari.

Na-Safo Mai Galma:

Allah ya saka da alheri, Malam. Zan shigo motar farko, mu haɗu bakin babbar kasuwa da hantsi. Lambobin na sa jikana ya rubuta mini a bayan kwalin shayi, na soke a hula. Jauro, kai ma ka zo ka yi shaida, ko don ka ga Kaɗo ya shiga ofis.

Jauro na Dakoro:

Dakoro da nisa, kuma shanu ba su san Litinin ba. Amma ga nawa.

In kuɗin sun dawo, kar ka yi nisa,
Ina da tunkiya mai ciki, 'yar ƙasa,
Jika sha biyar ba za su isa,
Cikon, kunya biyun nan ne na burtali, Kaɗo, tun da wuri.