Abin da aka tattauna a Aboabo kan masu ciwon suga

Ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi bayan la'asar a Aboabo, nan Kumasi. Maganar da ta fi zafi ita ce bakin mutane. Ciwon suga ba a ɗaukarsa a kwano ko ta gaisawa, ba jifa ba ne, kuma ba kowa ne ya samu saboda kwaɗayin zaƙi ba, akwai gado, akwai ma yara ƙanana da jikinsu ba ya yin insulin sam, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini. To me ya sa ake fasa auren yarinya don an ji tana allurar insulin? Wata hajiya ta ce a daina yi wa mutum tsawa a wajen suna wai "Alhaji kar ka taɓa minerals!", a ajiye masa ruwa kawai a yi shiru. Wallahi ta yi gaskiya.

Abinci kuwa ba sai an ware masa tukunya ba, a rage tuwo da wake da shinkafa a ƙara ganye irin kontomire da ayoyo, koko a sha ba suga, kowa a gidan ya ci hakan.

A duba ƙafa kullum da dare har tsakanin yatsu, ƙaramin ciwo kar a shafa masa gargajiya, a tafi asibiti. In mutum ya fara rawar jiki da gumi da jiri mai yiwuwa sugan ne ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi in yana iya haɗiya. Azumi a ga likita tukuna. Katin inshorar lafiya na NHIS kuma a sabunta shi ta buga *929# a waya kafin wa'adinsa ya ƙare.