Hana ɗaukar hoto a Berghain: rufin asiri ne ko rufa-rufa?

Ɗan Kasuwa: Jama'a ni fa ban yarda ba. Gidan rawar nan na Berlin, Berghain, da tun daga ƙofa ake liƙa wa kyamarar wayarka sitika wai don kare sirrin masu shiga, ni na ce ba haka ba ne, ɓarnar da ake tafkawa a ciki kawai suke ɓoyewa.

Baƙon Jamus: Yaya tsaya tukuna ka ji tarihin wurin. Tsohuwar tashar wuta ce ta zamanin Jamus ta Gabas, a 2004 aka buɗe gidan rawar a cikinta bayan an rufe wanda ya gabace shi, Ostgut, a 2003, kuma mutanen ɓangaren nan har 1989 a ƙarƙashin Stasi suke, 'yan leƙen asirin da maƙwabcinka ma zai iya zama shi ke kai musu rahotonka kai ba ka sani ba, to wanda ya ga wannan ko iyayensa suka gani ba ya wasa da a ɗauke shi hoto ba izini. Mai tsaron ƙofarsu da ya fi suna, Sven Marquardt, shi kansa mai ɗaukar hoto ne, amma duk wanda aka kama yana ɗauka a ciki waje ake yi da shi.

Ɗan Kasuwa: To ai a 2017 wata Ba'amurkiya ta rasu bayan ta sha ƙwaya a wurin, mujallar Der Spiegel ta kawo labarin a 2018. Wa sitikar ta amfana a nan?

Uwar Biyu: Rai ba abin wasa ba ne, kuma wallahi ni ba na goyon bayan gidan ko kaɗan. Amma ƙanena, binciken mutuwa aikin 'yan sanda ne da kotu, ba na wayar kowane ɗan kallo ba. Ƙanwata an ɗauke ta bidiyo tana rawa a biki cikin mata zalla, ɗankwali ya zame, wata ta ɗora a TikTok, kwana uku yarinyar nan tana ɗaki tana kuka ko abinci ba ta ci, har dangin mijinta sai da suka bugo waya.

Ɗan Kasuwa: Allah ya kyauta Anti, amma biki daban, kulob daban.

Uwar Biyu: Daban ne, na yarda. Amma wadda ta ɗora ba ta tambaye ta ba kuma har yau bidiyon na yawo. Ni dai bikin 'yata in Allah ya kai mu, a ƙofa za a karɓi wayoyi.