Neman shawara: agogon seramik ko na zaren kabon?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, kuma ina shirin tafiya Dubai da niyyar sayen agogon hannu mai daraja wanda zai daɗe a hannuna. Na ƙarfen da nake ɗaurawa yanzu shekara uku kacal ya yi, amma duk jikinsa ya karce saboda ƙura da kai-kawon shago. An nuna mini hoton iri biyu, ɗaya baƙin seramik, ɗaya na zaren kabon, kowanne kuɗinsa miliyoyin sefa. Wanne ne zai jure wa yanayinmu?

Amsar wani mai gyaran agogo daga Marwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. In karce ne damuwarka, seramik ba shi da na biyu. Ba irin tangaran ɗin kofin shayi ba ne. Garin wani sinadari mai suna zirkoniya ake matsawa a gasa shi da zafin da ya kai kusan digiri 1450, har ya tsuke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sannan a goge shi da garin daiman. Taurinsa a ma'aunin Vickers ya kai wajen 1200, alhali ƙarfen agogo bai cika wuce 200 ba, shi ya sa yashin hunturu ke cin ƙarfe amma ya bar seramik. Kamfanonin agogo na Rado da IWC sun fito da shi tun 1986, Rolex kuma ta fara sa shi a zoben da ke kewaye da gilashi a 2005. Sai dai abin da ba ya karcewa yakan fashe. An taɓa kawo mini wani da mai shi ya cire zai yi alwala, ya suɓuce ya faɗi kan tayil, kunnen da ke riƙe maɗauri ya ɓalle kamar haƙori. Ba a yi masa walda, ba a liƙe shi. Sai an sauya gidan agogon gaba ɗaya, kuma nan kusa babu mai kayan.

Amsar wani daga Injamena:
Yaya, na kabon nake ɗaurawa, kuma rashin nauyinsa ne ya saye ni, domin a zafin Afrilu mantawa nake yana hannuna. Audemars Piguet ta kawo irin wannan gida a 2007, Richard Mille kuwa tana jera siraran shimfiɗu, kowace kaurinta maikiron 30 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), shi ne ke ba shi zanen nan mai kama da jijiyar katako. Yana jure bugu fiye da seramik, amma ka sani gam ne ke riƙe zaren, don haka gefensa yakan ɗan goge.

Amsar wani dattijo daga Ngaundere:
Ɗana, kafin ka zaɓa, ka tabbatar abin da za a miƙa maka na gaske ne, domin roba mai zanen kabon ta cika kasuwa, kuma a hoto ba a bambance su. Ka saya a shagon wakilin kamfanin, ka karɓi katin garanti mai lambar agogon. Ni da zan ba ka shawara, ka ɗauki mai gidan ƙarfe da zoben seramik, tunda zoben ne ya fi shan goga.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. Malam na Marwa, in zoben kaɗai ya fashe, ana iya sauya shi ba tare da an taɓa gidan ba?

Mai gyaran agogo:
Ana iyawa, Alhaji, amma wakilin kamfanin ne zai yi, ba ni ba.