Neman kalma: me za mu kira "hydraulic" da Hausa?

Hadiza: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 zan naɗi shiri kan matasa masu koyon gyaran manyan injinan dizal: katafila, gireda, tifa. Na yi hira da wani ogan gareji a Ƙofar Ruwa, nan Kano, ya ce yaron da ya iya "hydraulic" ba ya rasa aiki. Wace kalma zan sa wa masu sauraro na karkara?

Malam Bala: Matsin mai. Famfo ke tura mai ta cikin tiyo zuwa silinda, matsin ya ɗaga hannun injin ko bodin tifa.

Oga Sule: Hajiya, a Panteka ta Kaduna haidirolik muke cewa. In kika ce mai kawai, sabon yaro zai ɗauko baƙin mai na inji ya zuba, alhali man haidirolik daban yake.

Malam Tukur: Wannan ce matsalarmu, kullum aro! Na daɗe ina ba da shawarar "turamai". Tura da mai, kamar yadda muke da faɗi-tashi. Gajeriya ce, tamu ce.

Issoufou: Mu a Maraɗi idrolik muke ji, kuma dizal gazuwal ne. Turamai ba wanda zai gane.

Malam Tukur: Ku Faransanci ya cinye ku, mu Turanci. Wa zai tsaya wa harshen?

Oga Sule: Malam, katafila fa? Sunan kamfanin Caterpillar na Amurka ne, ga shi har kakata ta san ta. Shekara 6 na yi a hannun ogana kafin ya yaye ni, ban taɓa jin wani malamin jami'a ya zo ya tambaye mu sunan ko da sifana ba. Sai dai a ƙirƙiro a ofis a ce mu bi.

Malam Tukur: Ban raina sana'arku ba, Oga. Amma in ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta Najeriya, da aka kafa tun 1971, za ta rubuta littafin koyarwa da Hausa, da wace kalma za ta rubuta?

Malam Bala: Jama'a, baiwar Allah tana da aiki gobe.

Hadiza: Na gode. Zan ce haidirolik, in bi da bayani sau ɗaya: wato aiki da matsin mai.

Malam Tukur: To, shi ke nan. Amma ki ambaci turamai ko sau ɗaya, mu ji abin da masu kira za su ce.

Hadiza: In lokaci ya bari, Malam.