Neman shawara: wace filayar feɗe waya ya kamata in saya?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum. Manyanmu masu aikin wuta, shawara nake nema. Wayarin ɗin gidaje nake yi, yawanci waya mai 1.5 da 2.5 da 4, jefi-jefi mai 6. Da reza da filaya nake cire roba, kuma abu biyu sun dame ni. Waya mai sili ɗaya tana yawan karyewa daidai inda robar ta ƙare idan na lanƙwasa ta cikin akwatin soket. Mai laushi kuwa, wato mai siraran sili da yawa, sai in ga sili biyu ko uku sun biyo robar. Na ga filayar feɗe waya iri uku: mai ramuka da lamba a jiki, mai baki kamar harafin V da sukurun saiti, da wadda ke kama waya ta zare robar da kanta. Wacce za ku ce in ɗauka, kuma me zan duba a jikinta?

Oga mai wayarin:

Wa alaikumus salam ƙanena. Karyewar nan daga reza take. Idan ka zagaya waya da reza, kaifin yana ratsa roba ya bar siririn zobe a jikin jan ƙarfen, wanda ido ba ya cika gani. Da ka lanƙwasa, duk ƙarfin lanƙwasar a zoben nan yake taruwa, ga jan ƙarfe kuma yana ƙara tauri duk lokacin da aka murɗa shi. Lanƙwasa biyu ko uku ya ɓalle. Gara ma wadda ta karye a hannunka, ka gani ka gyara. Wadda ta tsage rabi ka rufe akwati a kanta ita ce za ta riƙa ɗumi a ɓoye har ta narka bayan soket.

Ga aikinka, mai ramuka nake ba ka shawara ka fara da ita. Amma ka karanta lambobin da ke jikinta tukuna, don nan mutane ke faɗawa. Wasu an rubuta musu mm², ma'aunin girman ƙarfen waya da muke nufi idan muka ce mai 1.5 ko mai 2.5, wasu AWG, wato ma'aunin Amurka, kuma ramukan ba su zo daidai da juna ba. Waya mai 2.5 sili ɗaya kaurin ƙarfenta milimita 1.78 ne. Ramin 14 AWG an yi shi ne don milimita 1.63, saboda haka zai ciji ƙarfen. Ramin 12 AWG na milimita 2.05 ne, ba zai ciza ba, sai dai yana barin ɗan saura na roba wanda sai ka fizga. Haka mai 1.5, kaurinta milimita 1.38: ramin 16 ya yi mata kaɗan, na 14 ya ɗan yi yawa. Idan wayarka da mm² aka auna ta, nemi filayar da aka rubuta wa 1.0, 1.5, 2.5, 4, 6 ka huta da lissafi. Idan dole ta sa ka riƙe mai AWG, kullum ka zaɓi ramin da ya ɗan fi girma. A AWG kuma ƙaramar lamba ita ce babbar waya, kada ta ruɗe ka.

Abu na biyu, waya mai sili da yawa ta fi mai sili ɗaya kumbura ko da lambarsu ɗaya, saboda iskar da ke tsakanin silin. Mai 2.5 sili bakwai tana kai wajen milimita 2. Shi ya sa filaya mai kyau take da jerin lamba biyu, ɗaya na mai sili ɗaya, ɗaya na mai sili da yawa. Dubi filayar Klein 11055 mai lambar AWG, ramuka iri ɗaya ne amma gefe guda an rubuta 10 zuwa 18, ɗaya gefen 12 zuwa 20. Idan taka ba ta da wannan, ka koma ramin da ya fi girma da mataki ɗaya duk lokacin da ka zo kan mai laushi.

Wajen aiki da ita, sa wayar a tsaye cikin rami, ka matse har haƙoran su haɗu, ka ɗan sassauta hannu kaɗan, sannan ka tura filayar da babban yatsan hannun da ke riƙe da wayar. Kada ka karkatar da ita kana ja. Karkatarwa ce ke sa gefen rami ya kankare ƙarfe ko da ramin daidai ne.

Mai haɗa allon wuta:

Oga, ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ni zan ɗan saɓa a wajen zaɓi. Wanda ke feɗe bakin waya ɗari biyu a yini, musamman waya mai laushi, mai sarrafa kanta ta fi masa. Tana da muƙamuƙi biyu: na gaba ya danne wayar, na baya mai reza ya nutse cikin roba ya ja. Babu neman rami, kuma akwai ɗan madakata da kake saitawa, kowane baki ya fito da tsawo ɗaya. Jokari Super 4 Plus da Knipex 12 62 180 suna ɗaukar 0.2 zuwa 6, Stripax ta Weidmüller tana kai 10.

Sai dai a cikin irin nan ne bambancin mai kyau da marar kyau ya fi yawa. Mai ramuka ko ba ta da suna za ta iya yi maka aiki, tunda ƙarfe biyu ne da ƙusa. Mai sarrafa kanta kuwa ta dogara da sifirin da daidaiton muƙamuƙi. Idan na gaba ya cika matsa, zai bar shatin haƙora a robar da ta rage, wani lokaci har ya huda ta, ka ga an bar rauni a wurin da ya kamata ya zama rufaffe. Idan bai matsa sosai ba, wayar ta sulluɓe, robar ta miƙe kamar cingam ba ta yanke ba. Ka nemi mai ɗan maɓallin rage ko ƙara nutson reza, don roba ba ɗaya ba ce. PVC, robar wayar gida da aka saba, tana laushi da zafi, tana tauri da sanyi. Robar da ake kira XLPE ta fi ta tauri kuma tana manne wa ƙarfe. Silikon da robar wayar walda suna miƙewa ne kawai, sai an ƙara nutso. Ka kuma tambaya ko ana sauya rezarta, don ita ce ke fara mutuwa, sauran jikin na nan lafiya.

Inda ba ta da amfani shi ne gajeriyar waya a cikin akwati. Tana buƙatar wurin da za ta kama, kuma kanta babba ne. Idan santimita uku kawai ya leƙo daga bango, mai ramuka ce za ta shiga.

Oga mai wayarin:

Gaskiyarka kan yawan aiki. Dalilin da na ce ya fara da mai ramuka shi ne waya mai sili ɗaya ta fi yawa a aikinsa, kuma gyara a cikin akwati ba ya ƙarewa. In hali ya yi ya haɗa biyun.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To mai bakin V fa, babu wanda ya taɓo ta? Sannan na ga wasu da hannu ja da ruwan ɗorawa an rubuta 1000V. Wato da irinsu ana iya feɗe waya da wuta a jiki?

Injiniya:

Malam, a'a. Rubutun nan ba izinin aiki da wuta ba ne, kariya ce ta ranar kuskure. Kayan hannu masu rufin gaske ana yin su ne bisa ƙa'idar IEC 60900: ana gwada su da bolt 10,000, a ba su izinin bolt 1,000 na wutar AC. Za ka ga alamar dala biyu masu kusurwa uku haɗe da juna, da 1000V, da lambar ƙa'idar, sau da yawa har da tambarin VDE na Jamus. Launin ja da ɗorawa kowa na iya zuba wa hannun filaya. Idan babu alamomin nan a jiki, robar ta jin daɗin riƙo ce kawai. Ko mai alamar ce, da rufin ya tsage ko ya ƙone, ta tashi daga wannan matsayi, kuma naɗa mata tef ba ya mayar da ita.

Ka tuna bakin filayar ƙarfe ne tsirara. Ya taɓa waya mai wuta da jikin akwatin ƙarfe a lokaci guda, tartsatsi zai tashi a fuskarka ko da hannunka bai ji komai ba, ramin filayar da ke wurin kuma ya narke. Ka kashe bireka, ka gwada mitarka a inda ka san akwai wuta, ka gwada wayar da za ka taɓa, ka sake gwada mitar. Tasta mai ɗan ƙwai ita kaɗai ba ta isa shaida ba.

Mai bakin V tana da kyau idan waya iri ɗaya za ka yi ta feɗewa. Ka saita sukurun a kan guntun waya, ka ɗaure notin da ke kulle shi, shi ke nan. Matsalarta biyu: wuri huɗu kawai take yanka a zagayen robar, sauran yagewa yake yi, kuma duk sauya waya sai ka sake saiti. Wanda ke tsalle daga 1.5 zuwa 4 zuwa 2.5 zai gaji ya daina saitawa, daga nan ta koma reza.

Mai aikin sola:

Akwai abin da ba a ambata ba, rigar waje ta kebul. Babu ɗaya cikin ukun nan da aka yi don ita. Kebul zagayayye mai waya uku a ciki, wuƙar kebul yake so, mai ƙugiya da ke rungumar kebul ɗin da ɗan ƙaramin kaifi mai juyawa, wanda ake saita zurfinsa da sukuru a gindi. Jokari suna da mai ɗaukar milimita 8 zuwa 28. Saita kaifin ya shiga kamar kashi uku cikin huɗu na kaurin rigar, kada ya ratsa. Zagaya sau ɗaya, ja shi a tsaye zuwa baki, lanƙwasa kebul ɗin, rigar za ta buɗe da kanta. Idan ka bari ya ratsa, zai tsaga robar wayoyin ciki a daidai wuyan kebul, wurin da ba wanda ke dubawa, sai ranar da damshi ya shiga bireka ta fara faɗuwa.

Wayar sola mai 4 ko 6 kuma roba biyu gare ta, mai tauri, silinta sirara masu rufin kuza. Mai ramuka ta gida takan cire ta waje ta bar ta ciki. Akwai filayar da aka yi mata musamman, kuma kan MC4, wato mahaɗin wayar sola, wajen milimita 6 zuwa 7 yake so a feɗe. Wayar intanet da ta dish ma kowacce da nata abin feɗewa, kada ka sa musu wannan.

Mai koyar da aikin wuta:

Ɗan'uwa, ko wacce ka zaɓa, ka tafi da guntayen wayar da kake aiki da ita a aljihu, mai sili ɗaya da mai laushi. Kafin ka gwada, rufe filayar ka ɗaga ta wajen haske. Ramukan su fito zagayayyu, rabin sama ya hau kan rabin ƙasa daidai. Girgiza hannuwan gefe da gefe. Idan ƙusar tsakiya tana wasa, ramukan za su goce lokacin matsa, su ciji ƙarfe ta gefe ɗaya. Mai noti da ake iya ɗaurewa ta fi mai ƙusar da aka dandaƙe.

Sai ka feɗe baki biyar a kowace waya. A mai sili ɗaya, bi wuyan da farce. Idan farcen ya maƙale, akwai cizo. Ɗan goge mai sheƙi ba komai ba ne, zobe ne abin gudu. A mai laushi, leƙa cikin robar da ta fita ka ga ko akwai sili. Mai 1.5 mai laushi sili 30 gare ta galibi, uku suka tafi ka zubar da kashi 10 cikin ɗari na ƙarfen a wurin. Mai sili bakwai kuwa ɗaya tak ya kai kashi 14. Idan haka ta faru a wurin aiki, yanke bakin ka sake, kada ka murɗe ragowar ka cusa.

Wani lokaci laifin na waya ne. Akwai wadda aka rubuta wa 2.5 amma ƙarfenta bai kai ba, an cike da roba. Ramin 2.5 ba zai gama yanka robarta ba, sai ka zargi filaya. Auna ƙarfen da kalifa, wato ma'aunin kauri, idan ya gaza milimita 1.7 sosai ka san inda matsalar take. Wayar alminiyam da wadda aka yi wa fentin jan ƙarfe a kan alminiyam sun fi saurin karyewa daga ɗan cizo, su kam sai da ramin da bai matse ƙarfen ba.

Tsawon da za ka feɗe, abin da za ka ɗaura wa ne ke faɗa. Mahaɗin waya na Wago 221 mai ɗaukar waya har mai 4 milimita 11 ne, an ma zana ma'aunin a gefensa, kuma soket da makunni da yawa suna da irin zanen a baya. Ya yi gajere, sukuru ya danne roba maimakon ƙarfe, wurin ya yi ta zafi. Ya yi tsawo, ƙarfe tsirara ya leƙo waje. Mai laushi idan za ta shiga ƙarƙashin sukuru, sa mata hular ƙarfe ka matse, kada ka shafa mata dalma, don dalma tana lotsawa a hankali ɗaurin ya saki.

Mai tambaya:

Madalla, na fahimta. Saura ɗaya: almakashin da ke jikin mai ramuka, zan iya yanka kowace waya da shi?

Oga mai wayarin:

Jan ƙarfe da alminiyam kawai, kuma iya girman da aka rubuta a jikinta. Ƙusa, wayar ƙarfe ta jan kebul cikin fayif, sulken kebul mai ƙarfe, duk ka bar wa wata filayar. Yanka ɗaya ya isa ya ɓantare kaifin ko ya buɗe ƙusar tsakiya, ramukan su daina haɗuwa. Ɗigon mai a mahaɗa lokaci-lokaci, ka goge ragowar kada ya taɓa robar waya, ka kulle bakinta kafin ka jefa ta cikin jaka. Idan ramin da ka fi amfani da shi ya dakushe ya fara jan roba, kada ka sa masa zarto, faɗaɗa shi za ka yi ya daina zama 2.5.